Waliccin Autar Malam Haruna

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Haruna na asibiti, a irin wannan wata, ana tsakar girbin gero. Dattawan wajen Kiyawa da ƙauyukan da ke kewaye da Dutse ba sai na yi musu bayaninsa ba. Wanda bai riƙe sunansa ba ya riƙe jan babur ɗinsa, da akwatin rigakafi ɗaure a kan tanki. Ga waɗanda ba su riske shi ba, ma'aikacin lafiya ne na ƙaramar hukuma, ni kuma malamin gona ne a wannan ƙaramar hukumar har na yi ritaya. A zaure ɗaya muka yi karatun allo, malami ɗaya ya kama hannunmu ya koya mana ajami, kuma ni ne babban abokin ango ranar aurensa.

Duk shekara in watan ya kewayo nakan ɗauki alƙalami da niyyar in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin ta duk inda na ɗauko labarinsa sai na yi kiciɓis da Malam Buba na dabbobi. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ina kishin Malam Buba. Tun Malam Haruna yana raye nake yi, kuma mutuwa ba ta rage komai ba. Ba hassada ba ce, Allah Ya tsare, ban taɓa fatan ya rasa ko akuya ba. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat: a tsakanina da shi, wane ne aminin Malam Haruna? A wajenmu ba a yi wa mutum wannan tambaya da baki. Ranar aurar da 'ya ake gane amsarta, domin wanda aka ce ya zauna gaban liman ya ba da auren 'yar mutum, shi aka nuna wa jama'a. 'Yan matansa biyu na fari yayansa ne ya ba da su, wannan kuwa babu mai ja. Yayan ya bi shi ba da daɗewa ba. Ɗansa namiji ɗaya ne, kuma yaro mai tarbiyya ba ya zama a gaban dattawa ya ba da ƙanwarsa, abokin mahaifinsa yake wakiltawa. Saura Rabi, autarsa. Ita nake jira, na kuma san ba ni kaɗai nake jira ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na haɗa su da hannuna.

A wancan zamani ofisoshinmu baranda ɗaya suke a sakatariya, amma kowa da ranar fitarsa. Mai unguwa zai tara mutane saboda mu 'yan gona, kwana biyu ya sake tara su saboda 'yan asibiti, mako na zagayowa 'yan sashen ayyuka su zo duba famfo su tarar ba kowa, mutane sun gaji da taruwa. Ba gaba ake yi ba. Kowane shugaban sashe dai yana ganin in ya bi bayan motar wani, ya zama yaronsa. Ni da Malam Haruna mun daɗe muna fita tare, amma wannan abota ce, ba tsarin aiki ba. Shi yake tuƙi, ni ina baya. In mun isa gari ya nufi wajen mata da yara, ni in nufi dandali wajen manoma. Nakan rubuta masa sanarwar rigakafi da ajami, a kai wa limamai su karanta bayan sallar Juma'a, saboda takardar boko sai ta kwana uku a aljihun mai gari ba a sami mai warware ta ba.

Wata bazara ƙyanda ta shiga rugagen da ke gabas da mu. Muka je rugar wani Arɗo, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi, aka yi gaisuwa har ta ƙare aka sake sabuwa. Da Malam Haruna ya tambayi yara, sai Arɗo ya ce sun bi shanu. Muna zaune muna jin tarin yaro daga cikin bukka. Muka koma, muka sake dawowa, fura ba ta ragu ba, yara kuma kullum sun bi shanu. A hanyar dawowa ne, yana ta ƙorafi ni ina riƙe da hulata saboda iska, na ce masa akwai mutum ɗaya a sashenmu wanda ba a taɓa ɓoye masa komai a ruga ba. Malam Buba ke nan, mai yi wa dabbobi allura, ɗan makiyaya ne da ya yi boko. Tebur ɗinsa yana kallon nawa. Washegari na riƙo hannunsa na kai shi asibiti.

Ashe shi ma da tasa damuwar. Maganin rigakafin ciwon huhu na shanu yana son sanyi, sashenmu kuwa ba mu da firji mai aiki. Asibitin Malam Haruna yana da shi, amma doka ta hana a haɗa maganin dabba da na mutum a firji ɗaya, kuma Malam Haruna ba mai wasa da wannan doka ba ne. Sai dai ya ce ai doka ba ta hana ruwa ba. Daga ranar yakan daskarar da robobin ƙanƙara fiye da buƙatarsa, Malam Buba ya zo da asuba ya cika akwatinsa ya tafi. Shi ya ba da sanyi, wancan ya ba da ƙofar ruga. Shugabannin sassan biyu suka yi ta cewa ba a rubuto musu ba. Malam Haruna bai yi musu da kowa a ofis ba. Gida yake bin mutum ranar Juma'a da yamma, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya ba shi labarin yaron da ya makance da ƙyanda, ya tashi ba tare da ya roƙi komai ba. A hankali aka daina cewa ba a rubuto ba.

Ina wurin ranar fitarsu ta farko tare, kuma ranar ta kusa lalacewa. Malam Buba ya ce a fara da shanu tun da sassafe kafin a sake su kiwo, domin Bafulatani ba ya sauraron kowa muddin garkensa bai kammala ba. Aka yi haka. Arɗo ya ji daɗi, ya aika a fito da yara. Mata suka fito da goyo suka yi layi, sai ga Malam Buba ya ratso ta gabansu zai wanke hannu, riƙe da sirinjin shanu, wannan na ƙarfe mai tsawon kamu guda, allurarsa kamar basilla. Wata ta dube shi, ta dubi cinyar ɗanta, ta juya. Kafin a ce me, layi ya watse, har da masu tsallake shinge. Ni dariya ta kama ni. Malam Haruna bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo faifai biyu, ya ɗora sirinjin shanu a ɗaya, ya ɗora 'yar ƙaramar allurarsa a ɗaya, ya ce a zagaya da su bukka bukka a nuna wa kowace uwa. Malam Buba ya bi faifan yana bayani da Fillanci, yana rantsuwa cewa shi ko kusa da yaro ba zai zo ba. Kafin azahar an yi wa yaran rugar nan duka. Tun daga ranar, in suka je wuri, sai an raba inuwa biyu, ta shanu daban ta yara daban, kuma Malam Buba yakan ɓoye kayan aikinsa a buhu kafin mata su fito.

Da za mu koma, Malam Haruna ya ce, "Malam, ka hau bayan ɗan acaɓan nan, ni da Malam Buba za mu biya wata ruga." Na hau. Ban sake zama a bayan jan babur ɗin nan ranar aiki ba, sai jefi-jefi in za mu gaisuwar mutuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka an yar da ni. Aikin ya yi ta faɗaɗa, kuma da ni a ciki. Suka lura a wurare da yawa mutane da shanu tafki ɗaya suke sha saboda famfo ya lalace, sai aka jawo mai gyaran famfo na sashen ayyuka. Aka jawo hedimasta, saboda tunda ga yara an tara, gara a san waɗanda suka isa shiga aji. Ni aka ba ni maganar burtali, in zauna da manoma da makiyaya kafin damina a nuna inda gona ta tsaya da inda hanyar shanu ta fara. Rana ɗaya, taro ɗaya, mai unguwa ya huta. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan wajen Ringim, mutanen da suka saba fita tare su ne suka fi saurin kai ɗauki, don kowa ya san gidan kowa, ba sai an jira takarda ba. Duk wannan na gani, na kuma yi alfahari da shi.

Amma ina kallo suna cin tuwo kwano ɗaya. Ina kallo Malam Haruna, wanda a makarantar allo sai na maimaita masa aya sau da yawa kafin ta zauna, ya koyi Fillanci a bakin Malam Buba har suna ba'a da shi a gabana, su yi dariya, sannan ɗaya ya tuna da ni ya fassara mini abin da ya riga ya huce. Malam Buba ba ya kirana da komai sai Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe. "Kaɗo, ka ci nonon nan a hankali, ba kunun kanwa ba ne." Ni kuma in ce, "Mai sanda, da ba don geronmu ba da ruwan nono za ka mutu kana sha." A yi dariya. Ranar kasuwar Shuwarin, wadda a da tamu ce mu biyu, ta koma ta mutum uku, kuma kara, wajen dabbobi, ake fara zuwa kafin layin hatsi. Sanarwar ajami ma da waya ta yawaita sai aka daina nemanta. Malam Buba zai kira Arɗo, magana ta ƙare.

Na sha neman aibin mutumin nan ban samu ba, kuma wannan ya ƙara mini. Da mai cin amana ne ko mai son a san shi, da na huta, in ce abokina ya yi zaɓen banza. Ba ya makara, ba ya karɓar ko kaza a ruga, in na yi rashin lafiya yana cikin masu fara zuwa.

Da ciwon ajali ya kwantar da Malam Haruna a asibiti a Dutse, mu biyu muke zama a gefensa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ranar da ya fi samun ƙarfin magana, ya juya wajen Malam Buba ya yi ta lissafa masa rugagen da ba a kai ga zuwa ba, da sunan matar da ya kamata a fara lallashi a kowace, da wanda zai ci gaba da daskarar da ƙanƙara. Ya daɗe yana yi. Sannan ya juyo wajena ya ce, "Malam, karanta mini Yasin." Na karanta. Na san duk mai hankali zai ce ni aka ba babban rabo, shi an bar masa aikin duniya, ni an nemi in raka shi da Alƙur'ani. Na gaya wa kaina haka ba sau ɗaya ba. Duk da haka zuciya ta riƙe cewa shi an yi masa doguwar magana, ni an yi mini gajera.

Yau abin da suka fara da babur da robobin ƙanƙara ya zama tsari. Akwai mota, akwai rumfa, akwai ranar da aka tsayar, ma'aikatan sassa huɗu ko biyar su sauka tare. Kwanakin baya wani matashin jami'i a Dutse ya zaunar da ni yana yi mini bayanin wannan sabuwar dabara ta haɗa lafiyar mutum da ta dabba, na saurare shi har ya gama, na ce Allah Ya yi albarka. In ana taro Malam Buba ake kira ya zauna a gaba, a matsayin wanda ya ga farkon abin. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa tashi bai ambaci Malam Haruna ba, har ni yakan ambata, ya ce ga Kaɗon da ya haɗa mu can a baya. Sai mutane su waiwayo su dube ni, su juya.

Nakan tambayi kaina me Malam Haruna zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai yi murna da motar, don bayansa ya sha wuya a kan babur. Zai yi murna da ganin 'yan matan ruga da ya yi wa allura suna goye da nasu suna kawowa ba tare da an zagaya da faifai ba. Amma zai tambayi ƙarfe nawa ake isa, domin na ga wasu lokuta sai rana ta take ake sauka, shanu sun yi nisa, maza sun bi su, a tarar da tsofaffi kawai. Zai tambaya ko ana zama a sha furar da aka kawo, ko a cikin mota ake jira a gama a tafi. Shi a wurinsa aikin tare ba jera ma'aikata a rumfa ɗaya ba ne. Mai famfo ya san sunan ɗan mai allura, in ɗaya bai zo ba a je gida a ga lafiya, wannan ne. Inda ake yin haka har yanzu, kuma akwai wuraren, aikin yana tafiya ko motar ta lalace.

Rabi tana cikin masu yin haka. Ta gaji mahaifinta, ma'aikaciyar lafiya ce, kuma tana cikin ayarin da ke fita rugage. Ni take kira Baba Malam, shi kuma Baffa. Na daɗe ina auna sunayen nan biyu ban gane wanne ya fi nauyi ba.

Bayan ƙaramar salla Hajiya, matar marigayi, ta aiko in zo. Na saka babbar riga. Na tarar da ɗan nasu a zaure, ita tana daga bayan labule. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, 'yarka ta sami miji, kuma mun zauna da yayanta, kai za ka ba da ita."

Na yi hamdala a fili, na yi wata a ɓoye wadda ta fi ta filin tsawo. Sannan na tambayi ɗan wane ne.

"Ai ka san shi. Usmanu ne, na wajen Malam Buba, wanda ya gaji uban a aikin dabbobi. A wajen fitar nan tasu suka daidaita."

Uban ango ba ya ba da amarya, ko yaro ya san wannan. Wato ba a zaɓe ni a kan Malam Buba ba, Malam Buba ne ya tashi daga layin. Na daure na ce, "Hajiya, don Allah in tambaye ki. Da a ce wani ne daban ya zo neman ta, wa za ku sa?"

Ta yi 'yar dariya daga bayan labulen. "Ikon Allah. Ku dai ba za ku girma ba. Jiya Malam Buba ya zauna a inda kake zaune ya yi mini wannan tambayar."

"Me kika ce masa?"

"Na ce masa mai amsar yana maƙabarta."

Da na fito na same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gidan, a kan tabarma, kamar wanda ya san za a kira ni. Ya tsufa, sandar da a da ado ce yanzu dogara yake yi da ita. Ya matsa mini na zauna.

"Kaɗo, an ba ka?"

"An ba ni."

"Shekara tara ina tanadin rigar da zan saka in ba da yarinyar nan. Yaron nan ya rasa wadda zai so duk faɗin Jigawa sai ita. Na ce masa, kai Manu, ka san abin da ka jawo mini? Ka ɗauki walicci ka miƙa wa manomi."

"To ka hana shi mana."

"In hana shi 'yar Malam Haruna? Kai ma ka san ba zan iya ba." Ya kau da kai ya dubi hanya. "Kai ka san shi tun yana yaro. Ni da furfurarsa na same shi. Duk abin da ya ba ni labari na ƙuruciya, da sunanka a ciki. Har gajiya nake yi."

Allah Ya yafe mini, ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi a bakin Malam Buba kamar wannan ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa shi ma yana kwana da irin nawa ba.

An ɗaura auren ranar Asabar ɗin da ta wuce, a ƙofar gidan marigayi. 'Yan asibiti sun zo, 'yan gona da na dabbobi sun zo, mai gyaran famfo ya zo da jikokinsa, Fulani sun sauko daga rugage har tabarmi suka kasa. Ƙanen Malam Buba ne waliyyin ango. Ya nema, na yi shiru. Ya sake nema, na gyara zaman rigata. Liman ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Daga sahu na biyu na ji Malam Buba yana cewa ƙasa-ƙasa, "Kaɗo, rana tana yi, mutane da shanu a gida." Sai da aka nema na uku, yadda ya kamata, sannan na ce na bayar. Da bakina na ɗauki autar Malam Haruna na sa ta a gidan Malam Buba, aka shafa fatiha.

Abin da ya rage na Malam Haruna ke nan a iya ganina. Babur ɗin an sayar tuni, sunansa ba ya jikin kowane gini. Amma ma'aikatan da a da baranda ɗaya ba ta sa su fita tare ba, yau sun zama surukai, kuma akwai yara a rugage masu gani da idanunsu biyu waɗanda ba su san wa ya jawo musu ba. Ya kuma bar tsofaffi biyu, kowanne yana ganin ɗayan aka fi so, kuma yanzu dole su haɗu a kowane suna.

Tambayata ba ta sami amsa ba, kuma na daina sa ran samunta a nan. Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa wahalar da ya sha a hanyoyin rugage ta zame masa haske. Allah Ya tara mu da shi a Aljanna mu uku, in ya so can ya faɗa mana da bakinsa. Malamai sun ce kafin a shiga ana wanke zukata daga irin wannan abu, to ko ya ce Malam Buba ne amininsa, zan iya ji.